Waken Inna da Lissafin Wataƙila

Farkon damina ne, gero ya fara tasawa, mutane na shirin shuka wake a tsakaninsa. Shekarar ta zo mana da sauyin hali. Bazara ta gasa mu, sai ruwa ya sauka da wuri har sau uku, ƙasa ta yi laushi, daga nan ya yi shiru kamar kwana goma, kowa ya fita ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya dubi gabas. A gidanmu na unguwar Yindiski kuwa murna ta fi fargaba yawa, don shekarar ce 'yar farina ta shiga jami'a, ga ta ta dawo hutu da jakar littattafai da wata sabuwar tafiya ta masu sauri.

Ni ba na kiran sunanta, haka aka tashe mu a kan ɗan fari. "Ke" nake ce mata, in kuma ina ba wani labarinta in ce yarinyar nan. Har ta girma ba mu saba zama mu biyu muna doguwar hira ba. Ina sonta, ta san ina sonta, a nan muke tsayawa.

Abin da ke cina a lokacin wake ne. Inna, mahaifiyata, 'yar garin Mamudo ce, kuma tana da wani irin wake da ta gada a wurin tata uwar. Fari ne, ƙanana, da ɗan jan kwalli a ido, ba ya son kanwa da yawa, kafin ka gama jajjage ya nuna. Tana da sunan da take kiransa da Ngizimanci, ni harshena bai taɓa kama shi daidai ba, sai muke ce masa waken Inna. Bayan rasuwarta na shuka shi damina ɗaya a ɗan filin da ta bar min. Damina ta gaba ciwon ƙafa ya kwantar da ni, ban leƙa gona ba. Da na warke na aika Mamudo a tambayar min dangi ko akwai mai sauransa, aka ce kowa ya koma sabon iri mai saurin fitowa. Ashe abin da na ajiye a kwalba da toka shi ke nan ya rage a duniya, iyakar sanina.

Ranar da na buɗe kwalbar na tarar da ɓarna. Ƙwari sun shiga, wasu ƙwayoyin sun huje, wasu sun yanƙwane. Na auna, gwangwanin madara biyu ne da ɗan kai. Kuma duk manomi ya san irin wake in ya tsallake damina yakan mutu a tsaye, ka gan shi sumul amma babu rai a ciki. Shawarar da na yanke ita ce, da zarar an yi ruwa in kwashe shi duka in kai Mamudo, in zuba biyar-biyar a rami, in bar wa Allah. In ya fito, alhamdu lillahi. In bai fito ba, waken Inna ya bi Inna.

A kwanakin nan yarinyar nan kullum tana gindin darbejiyar tsakar gida da wani littafi, tana tsaki. Wata rana da la'asar maigidana, babansu, ya dawo daga kasuwar shanu, ya zauna yana shan ruwa, ya tambaye ta da wa take faɗa. Ta ce wani darasi ne da za su yi jarrabawarsa in sun koma, sunansa furobabiliti. Ya sa ta maimaita sau biyu, ya ce ta faɗa masa da Hausa tunda ba a Ingila ya haife ta ba. Ta yi ta lalube, can ta ce lissafin abin da bai faru ba tukuna ne.

"Duba ke nan," in ji shi. "Mun kai ki boko, kin dawo mana da bugun ƙasa. Sai a nemo miki faifai da yashi, Farfesa."

Ta yi dariya ta ce ba haka ba ne. Mai duba cewa yake yi abu kaza zai faru. Su kuwa ba su san gaibu ba, kuma ba su ce sun sani ba. Abin da suke yi shi ne, in mutum ya ce wataƙila, sai su auna su ga wataƙilar tasa babba ce ko ƙarama. Ta ce da shi masu hasashen yanayi ke aiki a rediyo, da shi ake gwada sabon magani a gane ko yana yi, har mutanen kasuwar hatsi da ke soka ƙarfe a buhu su zaro 'yan ƙwayoyi su yanke wa buhun duka hukunci, shi suke yi ba su sani ba.

Ina gefe ina tsince shinkafa, ban san lokacin da na ce ashe wataƙila ma tana da mudu ba. Babansu ya ce wannan wataƙilar dai da ta hana Bature ƙarya, yau ita aka yi wa aji guda. Daga ranar darasin ya samu suna a gidanmu, lissafin wataƙila.

Maganar ta kwana a raina. Da safe da gida ya watse na ɗauko kwalbar na ajiye kusa da ita, ina kallon wani wuri, na ce ko lissafin nasu zai iya faɗa min waken nan yana da rai. Na zaci za ta ce abin nasu na takarda ne. Sai na ga ta rufe littafin da sauri, idonta ya yi haske. Ta ce wannan shi ne ainihin abin, malaminsu kullum misalin jefa kwabo yake ba su, alhali rabin ajin ba su taɓa sayen komai da kwabo ba. Ta ce in ba ta ƙwaya goma, za mu tambaye su, su ba mu labarin sauran.

Na ba ta goma. Muka jiƙa tsumman wani tsohon zanina, muka jera su, muka naɗe, muka sa a gindin randa inda sanyi yake. Kwana uku ban zauna lafiya ba. In wuce in ɗaga gefen tsumman, in dawo in sake ɗagawa, har ta ce min in na dame su za su yi fushi. Rana ta huɗu muka buɗe. Tara sun fito da 'yan fararen saiwoyi, kamar jarirai sun miƙo yatsa. Ni da ba mai hayaniya ba ce, ranar sai da na tafa hannu. Na ce tara cikin goma, ai shi ke nan, waken Inna lafiyarsa ƙalau.

Ita ma ta yi murna, amma sai na ga ta dubi kwalbar, ta dubi tsumman, ta sake duban kwalbar.

"Umma, goman nan yaya kika ɗebo su?"

"Zaɓo miki na yi mana. Masu kyau-kyau, cikakku."

"Kin zaɓa?"

"To da ruɓaɓɓu zan ba ki? Mutum ya ce ki nuna masa kayanki, ki ɗauko masa na ƙasan tukunya?"

Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma. Da ta samu numfashi ta ce, "Umma, kin je filin ƙwallo kin tambayi masu gudu ko akwai ciwon ƙafa a gari."

Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba. Mu a wurinmu ladabi ne. Baƙo ya zo ka ba shi tsokar da ta fi, mai saye ya ce ya gani ka ɗora masa na sama. Ban taɓa tunanin akwai wurin da zaɓen mai kyau yake zama kuskure ba. Ga kuma ƙwaya goma mafiya kyau na fitar daga ɗan abin da nake da shi. Amma da na zauna na juya maganar, na ga gaskiyarta tsirara. Ba goman nan zan shuka ba, kwalbar zan shuka, da hujajjunta da yanƙwanannunta. Ta ce malaminsu ya yi musu gargaɗin wannan kuskuren, ta rubuta a littafi ta ja masa layi, amma sai yau ta gan shi da ƙafafunsa. Taran da suka tsiro na kai su bayan ɗaki inda ruwan alwala ke gangarawa na binne.

Muka sake. Wannan karon ta juye waken duka a ƙwarya, ta gauraya, ta ɗaure min ido da ɗankwalina, ta ce in ɗebo ashirin. Na sa hannu ina ɗauka ɗaya-ɗaya. Ban kai shida ba ta riƙe min wuyan hannu, ta ce yatsuna suna sata. Wai tana kallo, duk ƙwayar da na taɓa na ji huji sai in sake ta in kama wata. Wallahi ban san ina yi ba. Shekara talatin ina tsince wake, yatsun sun koyi aikinsu, ba sa neman izinina. Wannan karon ni ma na yi dariya har ɗankwalin ya zame. A ƙarshe cokali muka sa, shi ba ya da ido ba ya da son kai. Abin da ya kwaso muka ƙirga ashirin daga gefe guda, har da masu huji.

Bayan kwana huɗu sha ɗaya suka tsiro, tara suka ƙi. Ta ce kusan rabi ke nan, amma kar in riƙe sha ɗayan kamar aya, don ashirin ba su da yawa, gaskiyar kwalbar tana iya ɗara haka kaɗan ko ta gaza. Abin mamaki, sha ɗayan nan sun fi taran farko kwantar min da hankali. Da ina cikin duhu ne. Yanzu na san rabin waken Inna yana numfashi.

Ranar ce kuma, bayan azahar, na ɗora miya a wuta, muka zauna a kan maganar ƙwaya nawa za a sa a rami. Na ce biyar, yadda na yi niyya. Ta ce mu tambayi lissafi. Ta karyo tsinken tsintsiya ta ba ni, ta ce ni zan zana, tunda na yi yaƙi da jahilci. Shekara biyu na yi a ajin manya bayan na haifi na huɗu, can na koyi karatu da rubutu da tarawa da ɗebewa, har yau ina alfahari da hannuna.

Ta ce ƙwaya ɗaya hanya nawa gare ta. Na ce biyu, ko ta tsiro ko ta ƙi. Na ja layi biyu a ƙasa. Ta ce to a ƙara ta biyu a ramin. Ita ma hanya biyu gare ta, ko ta farko ta tsiro ko ba ta tsiro ba. Na fitar wa kowane layi rassa biyu, suka zama huɗu. Ta ce in bi su da yatsa in nemo inda ramin zai tashi babu komai. Na bi. Duka sun tsiro, ga shuka. Ta farko ta tsiro ta biyu ta ƙi, ga shuka. Ta farko ta ƙi ta biyu ta tsiro, ga shuka. Sai reshe ɗaya tak inda duka biyun suka ƙi. Ɗaya cikin huɗu.

Nan aka yi sallama a zaure ta tashi ta je dubawa. Ni kuwa tsinken ya ƙi barin hannuna. Na ce bari in ƙara ta uku in gani. Na fitar wa kowane reshe 'ya'ya biyu, na ƙirga, takwas. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na tarar har yanzu guda ɗaya ne kawai babu shuka. Kafin ta dawo na riga na miƙe tsaye.

"Ke, zo ki gani. In uku ne, ɗaya cikin takwas ne. In huɗu ne, sha shida zai zama, ko? Ninkawa yake yi."

Ta tsaya ta dubi zanen, ta dube ni, ta ce sati biyu suka yi a aji kafin su iso nan. Rabona da jin irin wannan daɗin tun ranar da na fara karanta rubutun bayan wata babbar mota da kaina a bakin titin Kano, na tsaya ina maimaitawa har motar ta ɓace. Miyar kuwa ta kama. Babansu da ya dawo ya ɗanɗana, ya ce yau an samu farfesa biyu a gida, an rasa mai girki ɗaya.

Muka tsaya a kan biyu-biyu. Biyar ɓarna ce, za su cunkushe a rami ɗaya suna ƙwace wa juna abinci, iri ya ƙare da wuri. Fili ina da shi, iri ne ba ni da shi. Rami ɗaya cikin huɗu ya tashi fayau ba abin kuka ba ne.

Ina kankare ƙasan tukunya wani tunani ya faɗo min. Na dawo wurin zanen, kaji sun riga sun taka gefensa. Na ce mata lissafin nan yana da kyau, amma ya ɗauka kowace ƙwaya da nata rabon, mutuwar wannan ba ruwanta da mutuwar waccan. A cikin tsumma haka ne. A gona fa? In na shuka ruwa ya ɗauke sati uku, ba ɗaya-ɗaya za su mutu ba, tare za su tafi, mai rai da marar rai. In awaki suka faɗa filin, ba za su ja layi su bar min bakwai cikin takwas ba. Ko ƙwaya goma na sa a rami, fari ɗaya ya ishe su.

Sai ta tashi da gudu ta ɗauko littafin, ta yi ta buɗawa, ta nuna min wani shafi cike da alamomin da ban sani ba. Ta ce wannan babin ne take wa tsaki tun da ta dawo, bambancin abubuwan da kowanne ke tafiyarsa da waɗanda igiya ɗaya ta ɗaure su. Ninkawar nan da na gano ba ta aiki sai in babu igiyar. Ta ce ta haddace ƙa'idar amma ba ta san me ake tsoro ba, sai yanzu da na kawo awaki.

To in haka ne, na ce, ba ƙwayoyi za mu raba ba, wurare za mu raba. Na share ƙasa na sake zane, amma yanzu kowane layi gona ce. Muka ce mu ƙaddara kowane wuri rabi da rabi ne, ko ya yi ko ya lalace. Wuri ɗaya, rabin tsoro yana kaina. Wuri uku da ba igiya ɗaya ta ɗaure su ba, sai dukansu sun lalace kafin in rasa irin, mun koma ɗaya cikin takwas. Ta ja min kunne cewa rabin nan mu muka ƙaddara shi, ba wanda ya auna mana, kuma in babban fari ne na ƙasa duka zai iya haɗa gonaki biyu ya ci. Na ce na ji, shi ya sa ɗaya zai zauna a gida, inda guga da rijiya ne ruwan samansa.

Na farko Mamudo, da ruwan da zai zo. Na biyu bayan ɗaki, kusa da 'yan uwansa da suka riga suka fito. Na uku shi ya ba ni wuya. Akwai wata aminiyata, maƙwabciyarmu, da muka yi ajin manya tare, gonarsu tana ta arewa da gari, inda sau da yawa ruwa kan sauka ya tsallake mu ko ya same mu ya tsallake su. Yarinyar nan ta ce a ba ta kaso ɗaya, ta jinkirta sati biyu kafin ta shuka. Na ji kamar an ce in ba da zoben Inna aro. Kusan shekara biyu ina ɓoye kwalbar nan a ƙasan akwati, ko ƙannen yarinyar nan ban bari sun taɓa ba. Amma da na dubi zanen na ga riƙon nan nawa shi ya kawo mu ga gwangwani biyu. Da tun farko waken yana hannu uku, da ciwon ƙafata bai kusa kashe shi ba.

Babansu ya saurari bayanin duka yana murmushi. Ya ce shi ya ga an sayar da garke guda a kasuwa ba a yi shawarar da aka yi wa waken da bai cika tukunya ba. Na ce masa a hankali, Malam, garke ana samun wani. Bai ƙara tsokana ba. Ya ce in Allah ya kai mu zai kawo ƙaya a kewaye bayan ɗakin saboda awakin maƙwabta.

Kafin magariba gabas ta haɗe. Iska ta taso mai ƙanshin ƙasa, muka kwashe shanya da gudu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallo yana wanke zanen nawa, ban ji komai ba, don ya riga ya koma cikin kaina.

Washegari bayan sallar asuba na juye waken a ƙwarya na gauraya. Na ɗauki cokali, don na daina yarda da yatsuna, na yi ta zubawa wannan ɗaya, wannan ɗaya, wannan ɗaya, har ƙwaryar ta ƙare. Na ƙulle kowane kaso a tsumma. Ɗaya na ajiye a kan taga. Ɗaya na kai wa aminiyata da kaina, na same ta tana hura wuta, na yi mata bayani har sau biyu, ta ce in tafi kar rana ta yi min, ta ji. Na ukun na ɗaure a bakin zanina, na saɓa fartanya, yarinyar nan ta ɗauko gorar ruwa, muka fita bakin titi muka tare mai keke Napep. Kafin hantsi muna Mamudo, ƙasa ta jiƙu har dantse. Ina sara tana bina tana jefa biyu-biyu, tana rufewa da diddige.